Amsar tambayarka kan ɗorayin gonar gado

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali. Saƙonka ya iso ni. Ka ce mai yin gawayi ya taya ɗorayi huɗun nan na gonar gado, kuma inuwarsu na rage maka dawa, amma da ka ta da maganar sai gwaggonka ta ce ba a saran ɗorawa. Kana tambaya ko wannan camfi ne irin na mutanen da, ko kuwa akwai dalili. Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka sa gatari.

Babu maganar iskoki a nan. A garinmu ɗorawa dukiya ce mai zaman kanta, daban da ƙasar da take tsaye a kai. In mutum ya ba da aron gona ko ya jinginar da ita, wanda ya karɓa zai noma, amma 'ya'yan ɗorawa na mai gona ne, sai fa in an ambata su tun wajen ƙulla magana. Kuma ba a barin yara su kakkaɓe ta tana ɗanya. Sai ta nuna ta bushe a sama, sannan a zo da ƙugiya.

Ka duba lokacin da take nuna. Furen nan ja mai kama da tuntu yana fitowa da rani, jemagu da ƙudan zuma su yi ta zarya a kansa, 'ya'yan kuma su nuna da bazara, daidai lokacin da rumbu ya fara ƙasa, ga aikin sharar gona, ga shuka na tafe. Ina saurayi aka yi farin 1973. Na ga gidajen da garin ɗorawa ne karin kumallon yaransu, a dama shi da ruwa ko a zuba a kunu, yaro ya sha ya samu ƙarfin wuni. Kakarka tana ɗura shi a tulu ta liƙe baki, ba ta buɗewa sai damina ta yi nisa. Abin ba a ƙasarmu kaɗai ya tsaya ba. Baturen nan Mungo Park, wanda ya isa kogin Kwara a Segu, cikin ƙasar Mali ta yanzu, a 1796, ya rubuta cewa ya tarar da mutanen da yunwa ta kama suna rayuwa da wannan rawayan gari. Da sunansa ma masana tsirrai suka raɗa wa itacen Parkia.

Da na shiga aikin malamin gona ne na fahimci abin da kakarka ta sani ba tare da ta shiga aji ba. Garin nan fiye da rabinsa sukari ne da danginsa, shi ya sa yake saurin ta da wanda ya galabaita. Yana da bitamin C, a watannin da ganye ya bushe kuma lemo bai kai ƙauye. To amma saboda zaƙin nasa, mai ciwon sukari sai ya yi hattara da shi.

Kalwa kuwa, wato ƙwayar ɗorawa da ake yin daddawa da ita, ita ce babbar magana. Wajen kashi ɗaya cikin uku nata furotin ne, abin da ke gina jiki, ga mai a ciki. Tuwon dawa da na gero suna da ƙarancin wani sinadarin gina jiki da ake kira laisin, kalwa kuma tana da shi. Ka ga ke nan talakan da nama bai shiga tukunyarsa sai ranar kasuwa, daddawar miyarsa tana rage masa giɓi, ko da yake kaɗan ake sawa. Ɗanyar kalwa ba ta ciwuwa, tauri gare ta kamar tsakuwa. Sai mata sun kwana suna iza mata wuta, su surfe ta su wanke ɓawon, su sake dafawa, sannan su rufe ta da ɗuminta kwana biyu zuwa uku. A cikin rufin nan wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira Bacillus subtilis, suke narka furotin ɗin ya zama mai sauƙin shiga jiki. Warin da kuke toshe wa hanci alamar aikinsu ne. Daga nan ne kuma ɗanɗanon yake fitowa, domin sinadarin gulutamet da ke cikin dunƙulen da kuke saye a kanti shi ne daddawa take samarwa da kanta, sai dai dunƙulen kanti gishiri ya fi yawa a cikinsa. Yarabawa na ce mata iru, a Mali da Burkina Faso sumbala, kuma har gobe kuɗi ce a kasuwanninsu. Gwaggonka da kuɗin kalwar itatuwan nan ta haɗa wa 'ya'yanta biyu kayan ɗaki. In ta ɗaga murya, ka san inda abin yake mata ciwo.

Ko ɓawon ba a zubarwa. Makuba ke nan, a jiƙa ta, a yayyafa jan ruwan a kan daɓe ko a shafe katanga. Sinadarin tanin mai bauri da ke cikinta ne yake ɗaure ƙasa ta yi ƙarfi, ruwa ya riƙa zamewa. Za ka ji masu magani na ambaton sassaƙen ɗorawa don hawan jini. Ni dai ina gaya wa kowa kada ya ajiye maganin asibiti saboda haka.

Maganar inuwa gaskiyarka ce, ba zan musa maka ba. Dawa ba ta yin kirki a ƙarƙashin ɗorawa mai duhu, na auna wannan da idona a gonaki da yawa. Amma maganinsa sassabe. Bayan an gama kakkaɓa, a rage rassan ƙasa da waɗanda suka cushe, rana ta samu hanya. Gindin kuma ka bar wahalar da dawa a wurin, ka gwada barkono ko gwaza, sun fi jure inuwa. Kuɗin gawayi ba zai kai ka kaka ba, alhali wadda ka shuka yau sai ta yi shekara takwas zuwa goma kafin ta fara ba ka abin kirki, kuma waɗannan huɗun kakanka ya tarar da su a tsaye. Abin da ya fi damuna shi ne duk faɗin gonar babu ƙaramar ɗorawa ko ɗaya mai tasowa, awaki da garma sun gama da su.

Ka zo ranar Asabar in Allah ya kai mu, mu je tare in nuna maka rassan da za a cire. Ka biya wajen gwaggonka ka roƙo kalwar bana cikin tafi ɗaya, wadda ba a dafa ba. Za mu jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana, mu shuka a leda, in ruwa ya zauna mu dasa a kan iyaka ta gabas mu kewaye da ƙaya. Ka gaishe min da mai ɗakinka da yara.

Baffanka