Amsa ga malamar zanen tufafi: yadda za a koyar da aron zane ba tare da cin haƙƙi ba

Malama, kin tambayi yadda za ki hana ɗalibanki kwaso zane daga Pinterest, shafin tara hotuna na intanet, su ce nasu ne, da kuma inda iyakar aron adon gargajiya take. Nasiha kaɗai ba ta cika kama ɗalibi ba, maki ne yake kama shi. Ki ware maki 20 cikin 100 na kowane aiki ga abin da za ki iya kira takardar asali: shafi ɗaya da ɗalibi zai rubuta sunan adon, garin da ya fito, wanda ya nuna masa, da abin da shi ya ƙara. Wanda ya rubuta "daga intanet" sifili ne.

A nan za ki ga inda suke tuntuɓe. Zanna Bukar hular Borno ce, amma rabinsu za su rubuta "hular Hausa". Aska takwas da aska biyu na babbar riga, Zariya ta yi suna a kansu, amma Nufawa da Yarabawa ma suna ɗinka su, don haka ba a ce wa mutum ɗaya ko gari ɗaya shi ke da su. Ki ba su labarin fatar jar akuyar Sakkwato: ayari ya riƙa tsallaka Sahara da ita, Turawa suka saye ta a hannun 'yan Arewacin Afirka, suka raɗa mata fatar Maroko. Kaya na majeman nan, suna na wasu.

Sai ki sa su raba duk abin da suka aro gida uku.

Na farko, aikin wani sananne. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare zanen mutum tun daga ranar da ya yi shi, ko bai yi rajista ba, har shekara 70 bayan rasuwarsa. Maganar nan da ke yawo cewa in ka sauya launi ko ka canza kashi kaza zane ya zama naka, babu ita a doka. Izini ake nema a rubuce, a faɗi guda nawa za a buga, na tsawon wane lokaci, da nawa za a biya.

Na biyu, gadon al'umma, irin dagi, tambari, zanen rinin Ƙofar Mata, adon ƙwarya. Dokar ta ba irin wannan gado kariya ta musamman, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke ba da izinin kwafarsa don kasuwanci, kuma ana son a ambaci al'ummar da abin ya fito. Koyarwa a aji ba ta shiga hanin ba. Matsalar tana farawa ne ranar da ɗalibi ya ɗauki hoton rigar da mai ɗinkin hannu ya kwashe watanni a kanta, ya zuba a keken kwamfuta ya fitar da ɗari, ya kuma sayar da sunan aikin hannu. Wannan algus ne, ko doka ba ta kama shi ba.

Na uku shi ne wanda ba a taɓawa ko da izinin wa. Ayar Alƙur'ani ko zayyanar allo a kan takalmi, darduma ta ado ko rigar da za a shiga bayi da ita. Rawani mai kunne biyu da takalmin gashin jimina a Kano kayan sarauta ne, ba na ɗaukar hoton talla ba. In ɗalibi yana shakkar ko abu na cikin wannan gida ne, ya je ya tambayi masu abin kafin ya zana, ba bayan ya kai kasuwa ba.

In kina son misalin waje da zai tsorata su kaɗan, ƙabilar Navajo ta Amurka ta maka kamfanin Urban Outfitters a kotu a 2012 kan sa sunanta a kayansa, sai 2016 aka sasanta.

Kowane zango ki tura su wurin marina ko masu ɗinkin hula, su biyu-biyu, da kuɗin lokacin mai sana'ar a hannu. Kada su ɗaga waya sai sun nemi izini. In aka yi aiki tare, sunan mai ɗinki ya hau takardar da ke jikin rigar, a kuma tsayar da kasonsa tun kafin a yanka yadi, domin rigima kan fara ne bayan kaya sun karɓu.

Ki koya musu kare nasu ma. Zanen da za a riƙa bugawa da yawa ana yi masa rajista a Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, ƙarƙashin dokar rajistar zane ta 1970: kariyar ta shekara 5 ce, ana sabuntawa sau biyu, jimilla 15. Sharaɗin shi ne zanen ya zama sabo, don haka wanda ya riga ya baza shi a Instagram kafin ya shigar da takarda ya jefa rajistarsa cikin haɗari. Su riƙa ajiye littafin zanensu na farko da kwanan wata a kowane shafi.