Amsa: Yadda jijiyoyin simfatetik ke ɗauka da ajiye alkaloyid na dofamin

Ɗan'uwa daga Aboabo a Kumasi, ka tambaya ta yaya sinadarin da jiki bai saba aika saƙo da shi ba yake shiga jijiyoyin da ke hanzarta bugun zuciya da buɗe ƙwayar ido, wato jijiyoyin simfatetik, har ya zauna a ciki.

Idan mutum ya sha giya, ko akpeteshie ce ko wata, hanta tana mayar da ita asetaldehid, wanda kan haɗu da dofamin, wani sinadarin aika saƙo a jiki, su zama salsolinol. Wannan alkaloyid (wato salsolinol) yana kama a siffa da noradrenalin, sinadarin da waɗannan jijiyoyi suka saba aika saƙo da shi, shi ya sa ƙofar da ke bakin jijiya, wadda aikinta shi ne mayar da noradrenalin ciki bayan ya isar da saƙo, take jawo irinsa ba tare da ta bambance ba. Daga nan sai a cusa shi cikin 'yan ƙananan jakunkunan ajiya, inda zai zauna tare da sinadarin asali.

Masanin kimiyya Gerald Cohen da abokan aikinsa sun nuna haka a jijiyoyin ɓera a shekarar 1972, da wani ɗan'uwan salsolinol da ake samu daga dofamin da fomaldehid, wani sinadari dangin asetaldehid. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne idan aka zaburar da jijiyar, sai ta sako shi tamkar noradrenalin, don haka ake kiransa manzon bogi.

Ka kuma sani cewa akwai salsolinol a cikin kokon da ake nomawa a nan Asante, har ma da ayaba.