Tambaya da Amsa: An Koma Kwamfuta, Me Ya Sa Kaya Ke Kwana a Tasha?

Tambaya: Ina shigo da kaya daga waje. An ce kwastam ta koma aiki da kwamfuta, amma har yanzu kwantena kan yi kwanaki ba a sake ta ba. To me aka gyara ke nan? — Wani ɗan kasuwa

Amsa: Alhaji, idan a da takardarka na bi ta tebur tara, sai aka ɗora kwamfuta a kan kowane tebur, sa hannu taran nan suna nan daram. Gyaran gaske yana farawa ne daga yanke shawarar kwantenar da za a buɗe da wadda za a bari ta wuce.

Manhajar ASYCUDA, wadda hukumar UNCTAD ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta samar, kuma ƙasashe da dama ke aiki da ita, tana raba kaya gida huɗu. Layin kore, a biya kuɗin fito a wuce. Rawaya, a duba takardu kawai. Ja, a haska kwantena ko a buɗe ta. Shuɗi kuwa, a saki kayan, daga baya a je a binciki littattafan kamfanin. Manhajar na zaɓen layi ne bisa tarihin mai kaya, ƙasar da kayan suka fito, farashin da aka rubuta, da lambar kayan. Wannan lamba, ta tsarin HS na rarraba kayan ciniki a duniya da ya fara aiki a 1988, alƙalumanta shida na farko iri ɗaya ne a duk ƙasar da ke bin tsarin. Ƙasa kan ƙara nata a ƙarshe.

Inda abin ke lalacewa shi ne a bar ƙa'idojin zaɓen shekaru ba a sabunta su ba, sai layin ja ya cika da kayan masu gaskiya, jami'ai su gaji, ɗan fasa-ƙwauri ya samu kafa. Mafi muni, a bar jami'i ya mayar da kore ja ba tare da manhaja ta rubuta sunansa da dalilinsa ba. Nan cin hanci ke shigowa. Sannan ba kwastam kaɗai ke riƙe kaya ba: masu kula da magunguna, da ingancin kaya, da lafiyar tsirrai, kowa da takardarsa. Maganin wannan shi ne ƙofa ɗaya ta intanet, a miƙa bayani sau ɗaya ya isa ga kowace hukuma, kamar yadda Singafo ta fara da TradeNet a 1989.

Ta ɓangarenka, ka sa ejan ɗinka ya shigar da bayanan kaya tun jirgi bai iso ba. Yarjejeniyar sauƙaƙa cinikayya ta Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, da ta fara aiki a 2017, ta tanadi hakan. Kuma ka zauna ka jera takardar farashi, jerin kaya da takardar jirgi. Idan ɗaya ta ce katan 400, ɗaya ta ce 420, ka fita daga layin kore da hannunka.

Tambaya: Shin haɗe kwastam da hukumar haraji wuri ɗaya yana ƙara kuɗin shiga? — Wata ɗaliba

Amsa: Malama, an gwada ta kowace fuska. Kenya ta haɗe a 1995, Afirka ta Kudu a 1997, Birtaniya a 2005. Kanada ta haɗe a 1999, sannan ta sake ware aikin kan iyaka a 2003. A ganinmu, allon suna a bakin ƙofa ba shi ne ke kawo kuɗi ba. Abin da ke kawowa shi ne lambar mai biyan haraji guda ɗaya da ɓangarorin biyu ke gani.

Ga dalili. Mai shigo da kaya yana son ya karya farashi a gaban kwastam don kuɗin fito ya ragu, kuma ya kumbura shi a littafinsa don riba ta yi ƙasa, harajin riba ya ragu. Muddin rumbunan bayanan biyu ba sa magana da juna, zai ci ta nan ya ci ta can. Ranar da aka jera su a kan lamba ɗaya, asiri ya tonu. Sai dai dole a fara tsabtace rajista: mutum ɗaya mai lamba uku, da kamfanonin da suka daɗe da mutuwa amma suna nan a matsayin masu bashi. Aiki ne mai cin rai, shi ya sa ake yawan tsallake shi a ruga sayen manhaja.

Tambaya: Na'urar rasit mai aika bayanin ciniki ga hukumar haraji, idan intanet ta ɗauke fa? — Wani mai karatu

Amsa: Malam, mai kyau ba ta tsayawa. Tana ba kowane rasit lamba a jere, ta ajiye shi a cikinta, ta aika idan layi ya dawo. Lamba ɗaya ta ɓace, hukuma za ta gani. Ruwanda ta fara amfani da irinta ga masu karɓar harajin VAT a 2013. Kafin ka saya, ka tambayi rasit nawa take iya riƙewa ba intanet, kuma ka koyi yadda ake soke rasit na kuskure, don wanda ba a soke ba za a lissafa maka shi a matsayin ciniki.