Amsar tambayarka game da filtar idon kyamara

Ɗana, ranar da muke harhaɗa kaya bayan ɗaukar hotunan ɗaurin aure ka tambaye ni ko ya dace ka sayi filtoci ukun nan, wato gilasan da ake ɗaurawa a bakin idon kyamara, da wani ɗan kasuwa ya tallata maka a kwali ɗaya, masu alamar UV da CPL da FLD, ka kuma ce kana shakkar amfaninsu tun da yanzu komai a kwamfuta ake gyara shi. Na jinkirta amsa ne domin in rubuta maka ita a tsanake. Abin da nake so ka duba a kan kowace filta shi ne ko tana yin aikin da kwamfuta ba za ta iya yi ba bayan an riga an ɗauki hoton.

Mai alamar FLD, wato mai ruwan shunayya ɗin nan, ta zamanin fim ce, lokacin da doguwar fitilar ofis take mayar da fuskokin mutane kore-kore. Kyamarar yau tana daidaita farin launi da kanta, kuma idan ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, za ka gyara launin yadda kake so. Wannan kam shakkarka a kanta daidai ce.

Ita ma UV aikinta na asali ya wuce, domin masu ƙera kyamara sun riga sun sa wani siririn gilashi a gaban sensa, wato ɓangaren da ke karɓar haske a cikin kyamara, wanda ke tare hasken UV da ido ba ya gani. Abin da ya rage mata shi ne zama garkuwa, kuma a ƙasarmu wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Ka tuna yadda ƙura take turnuƙewa a filin hawan Daushe idan mahaya suka zo jafi, ko yadda hazon hunturu yake kwanciya a kan komai daga Disamba zuwa Fabrairu. Ƙurar nan tana da ɓarɓashin yashi, kuma duk goge idon da za ka yi da gefen riga kankare shi kake yi. Gara filta ta sha wannan wahalar. Amma da daddare, a zauren biki mai fitilu da yawa, ka cire ta. Na taɓa lalata hotunan wata walima saboda wata mai araha da na manta a kan ido. Hasken fitilu ya riƙa dukan sensa yana komawa kan filtar yana dawowa, sai ga ɗige-ɗigen kore a goshin ango a kusan kowane hoto, kuma kwana biyu na yi ina gogewa.

CPL ita ce wadda nake so ka ba hankalinka sosai. Haske idan ya faɗa kan ruwa ko gilashi ko ganye ya yi tsalle, yakan jeru ta fuska guda, ita kuwa wannan filta tana da zobe mai juyawa da ke tare hasken da ya jeru haka, ta bar saura ya wuce. Idan ka tsaya a bakin madatsar Tiga kana juya zoben a hankali, za ka ga ƙyallin saman ruwa yana dusashewa har duwatsun da ke gaɓa a ƙarƙashin ruwan su bayyana. Kwamfuta ba ta da ikon yin wannan, domin abin da ƙyalli ya rufe bai taɓa isa sensa ba balle a dawo da shi. Haka take yi wa gilashin gaban mota idan kana son fuskar amarya ta fito, sai dai ba ta yi wa ƙarfe tsirara komai, kuma sai ka tsaya a karkace, domin idan ka fuskanci gilashin kai tsaye ba za ka ga wani bambanci ba.

A sararin sama ƙarfinta yana ga ɓangaren da ke gefe da rana, wato idan rana tana kafaɗarka ta dama ko ta hagu. Da damina, bayan an ɗauke ruwa, za ta ba ka shuɗin sama da koren gona da za su faranta maka rai. Da hunturu kuwa kada ka sa rai, domin hasken da ƙura ta watsa ba ya jeruwa sosai, sama za ta ci gaba da zama fara. Tana kuma cinye haske mataki ɗaya zuwa biyu, kowane mataki kuwa rabin haske ne, don haka ba ta da wurin zama a cikin ɗaki. Kashedin da na fi damuwa da shi ya shafi mutanen da muke ɗauka: tana rage maiƙon goshi, wanda abu ne mai kyau, amma idan ka juya ta har ƙarshe fuska takan rasa armashi, kuma tana iya kashe walƙiyar shadda. Mutumin da ya kai shaddarsa wurin masu bugu ya biya kuɗi, walƙiyar nan yake so ya gani a hotonsa.

Wadda babu a kwalin, kuma wadda za ka fi buƙata tun da ka fara ɗaukar bidiyo, ita ce ND, baƙar filta da ke rage haske ba tare da sauya launi ba. Muna ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa, saboda haka ƙiftawar kyamara takan tsaya a 1/50 domin motsi ya fito yadda ido ya saba. Da tsakar rana, a ISO 100, wato ƙaramin ma'aunin yadda sensa ke jin haske, wannan zai tilasta maka tsuke ƙofar haske zuwa wajen f/22. Idan kana son f/2.8 domin bayan mutum ya narke, tazarar mataki 6 ce, kuma ND64 mataki 6 take ragewa. ND8 tana rage 3, ND1000 kuma 10, wadda za ta mayar da 1/125 kimanin daƙiƙa 8, irin abin da ake yi wa ruwan da ke zubowa daga dutse a Gurara ya fito kamar auduga, muddin kyamara tana kan mai ƙafa uku. Akwai mai juyawa da ke haɗa matakai da yawa, amma idan aka kai ta maƙura takan zana duhu mai siffar gicciye a tsakiyar hoto.

Shawarata ita ce ka bar kwalin nan, ka haɗa kuɗin ka sayi CPL guda ɗaya mai kyau, irin ta Hoya ko B+W, daga baya ka ƙara ND64. Ka duba lambar da ke kusa da ɗan zoben da aka ratsa da layi a bakin idon kyamararka, ita ce faɗin filtar da za ta hau shi. Ƙaramin idon Canon 18-55 da kake aiki da shi milimita 58 ne. Duk da haka ka sayi mai 77 tare da zoben ƙari mai haɗa 58 da 77, domin ta bi ka zuwa manyan idanun da za ka mallaka nan gaba. Kafin ka biya, ka riƙe ta gaban allon kwamfuta kana juyawa, za ka ga hasken allon yana dusashewa yana dawowa idan ta gaske ce. Ranar Asabar ka zo da wuri, zan ara maka tawa mu gwada ta a kan gilashin mota kafin rana ta take.