Amsa ga 'yar'uwar da ɗanta ba ya iya zama a karatun gida

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun shekaranjiya na ga tambayar 'yar'uwarmu da ta cire ɗanta mai shekara biyar daga makaranta, saboda kuɗin ya fi ƙarfinsu, ga malamar ajin kullum cikin kawo ƙararsa. Ta ce wata biyu ke nan tana koya masa a gida, amma ko minti biyar ba ya yi a zaune, ƙarshenta sai tsawa da duka, shi kuka ita kuka. Tana tambaya ko wani abu ne ya samu ƙwaƙwalwarsa, kuma ko ta haƙura da karatun. Na so in amsa a ranar, sai na ga maganar ta fi ƙarfin layi biyu, na bari sai da na samu sarari.

'Yar'uwa, sannu. Na san zafin da kike ji, don na ɗanɗana shi. Yarona na biyu yana da shekara biyar da 'yan watanni aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona. Dama can ba daɗin makarantar yake ji ba. An taɓa dawo min da shi da shatar bulala a gadon baya, laifinsa wai ya tashi ana tsakiyar darasi ya je taga yana kallon akuya. Da aka buɗe makarantu sauran yaran suka koma, ni da babansu muka yanke shawarar shi ya zauna a hannuna. Sai da ya yi shekara biyu da rabi a gida.

A watan farko na ɗauko makaranta sukutum na dasa a falo. Kujera da tebur, jadawali a bango, ƙarfe takwas zuwa sha biyu. Ba a yi sati ba ya fara ɓuya bayan randa in ya ga na ɗauko jaka. Wata safiya ina nuna masa lamba 7 a littafi, na ɗago sai na ga idonsa na can gindin bango. Kiyashi ne suka yi layi suna jan ƙwayar gero zuwa raminsu. Har na ɗaga hannu zan kai masa, sai na ji yana magana ƙasa-ƙasa: "sha huɗu, sha biyar, sha shida." Yaron da nake fama da shi a kan bakwai! Na sauke hannuna na yi shiru. Ya fi minti ashirin a tsugune bai motsa ba, har ya lura cewa masu komawa ba sa ɗauke da komai, ya juyo yana tambayata dalili. Ranar na shiga ɗaki na yi kuka sosai, don na gane yaron nan yana da natsuwa, kayan da na ɗora masa ne ba na kansa ba.

Abin da na fara yi, kuma shi nake roƙonki ki fara da shi, shi ne awo. Kwana uku ban yi masa faɗa ba, agogo kawai nake dubawa in ga a minti na nawa yake fara mutsu-mutsu. Sai na ga tsakanin shida da bakwai ne. Daga nan na mayar da zama ɗaya minti biyar cif, kuma ni ce nake cewa "an tashi" tun bai gaji ba. Wannan shi ne sirrin. Idan shi ya tashi da kansa, ya koyi cewa gudu ake yi wa karatu. Idan ke kika sallame shi, ya tashi da jin cewa ya gama abin da aka sa shi. Tsakanin zama da zama sai in ba shi aikin da zai motsa jiki: cika min buta, watsa wa kaji tsaba, kai wa maƙwabciya ludayinta, ko ya yi tsalle goma a tsakar gida yana ƙirgawa. Ya dawo mu sake minti biyar. Zama biyar ko shida a safiya, duka-duka rabin awa. Bayan kamar wata shida ya kai minti goma sha biyar a zama ɗaya, ba tare da na matsa ba.

Za a ce miki rabin awa ai wasa ne. Ki tambayi mai faɗar haka, a ajin da yake da yara arba'in ko hamsin, minti nawa malama take samu ta fuskanci yaro ɗaya shi kaɗai? Ke kuwa rabin awar nan gaba ɗaya tasa ce.

Surukata, Allah Ya ji ƙanta, ita ta ƙara buɗe min ido. Ta zo ta tarar na ba shi shafi guda ya kwafa, sai ta ce, "Ke 'yar nan, ina kika taɓa ganin an cika wa kolo allo?" Gaskiyarta. A makarantar allo ɗan abu kaɗan malam yake rubuta wa yaro, daga babbaƙu zuwa farfaru, ba a wanke allon a ƙara masa sai ya riƙe na farko. Kuma ki tuna yadda suke karatun: da ƙarfi, suna rangaji gaba da baya. Ba wanda ya ce su naɗe hannu su yi tsit kamar gunki. Dorinar ce kawai ban ɗauka ba. Tun daga ranar na daina hana shi motsi. Ya yi karatu a tsaye, ya yi a kwance rub da ciki, ya yi yana murza ƙwallon goruba a hannu. Muddin bakinsa na faɗin abin da ke gabansa, ba ruwana da ƙafafunsa.

Wurin zama ma ki duba. Yaro irin wannan komai kiransa yake yi: mai tallan ƙosai a ƙofar gida, ihun yara an kawo wuta, kaza ta gifta. Na koma uwar ɗaki, na shimfiɗa tabarma yana fuskantar bango, gabansa fensir ɗaya da takarda ɗaya. In shafin littafi ya cika da hotuna sai in rufe sauran da wata takarda, layin da muke kai kaɗai yake gani. Wayata a kashe take, domin idan ni na leƙa saƙo, na ba shi izinin leƙa taga. Umarni kuma ɗaya-ɗaya. Maimakon "ɗauko littafinka ka buɗe shafi na biyar ka rubuta sunanka," sai in dafa kafaɗarsa, mu haɗa ido, in ce "ɗauko littafi." Ya ɗauko, sannan na gaba.

Yanzu maganar da na san wasu ba za su so ba: ki fara koya masa karatu da Hausa. Yaron da hankalinsa ke saurin tashi, in aka haɗa masa wahalar gane baƙi da wahalar harshen da ba ya ji, kaya biyu ne a kai ɗaya. Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Wasula biyar, a, e, i, o, u, sai ki riƙa jingina musu baƙi: ba, be, bi, bo, bu. Mu a yashi muka fara, na zuba a faranti yana zanawa da yatsa. Ranar da ya haɗa "ka" da "ka" ya ji bakinsa ya ce "kaka," da gudu ya fita ya kira kakarsa ta zo ta ga sunanta. Turancin bai gudu ba, ya shigo daga baya, kuma da sauƙi, tunda ya riga ya san cewa baƙi sauti yake ɗauke da shi. Wannan ba dabarata ba ce. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka gwada a Ile-Ife, aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, kuma ba su zama koma-baya a Turanci ba. In kina da 'yar'uwa malamar firamare a Bauchi ko Sakkwato, ki tambaye ta littattafan Mu Karanta na aji ɗaya, da gaɓa-gaɓa aka tsara su. In kuma kin ga yana juya b ta zama d, kada hankalinki ya tashi, yara da yawa suna haka har wajen shekara bakwai.

Lissafi ban wahalar da kaina ba. Murfin kwalbar lemo, wake, 'ya'yan dabino bayan an sha. Raba min ƙosai tara ga mutum uku. Je shago da naira ɗari biyu ka sayo abin ɗari da hamsin, nawa za ka dawo da shi? Sai ya yi da hannu tukuna muke rubutawa.

Game da tambayarki ko akwai larura, daga nan ba wanda zai iya yanke miki hukunci, amma ga abin da zan yi in ni ce. Ki kai shi a duba kunnensa da idonsa, musamman in ya taɓa ciwon kunne mai zubar da ruwa. Yaron da ba ya ji sosai, ko rubutu ke masa dishi-dishi, kamar marar natsuwa yake zama. A duba jininsa, a ba shi maganin tsutsar ciki in lokaci ya yi. Nawa an samu jininsa ya yi ƙasa, kuma da aka gyara na ga bambanci. Ki lissafa barcinsa, don ɗan shekara biyar yana buƙatar awa 10 zuwa 13 a yini da dare. Waya da katun kafin karatu kuwa ki hana gaba ɗaya, babu takardar da za ta yi gasa da su. Akwai kuma larurar ƙarancin natsuwa da yawan ƙiriniya da likitoci ke kira ADHD, gaskiya ce, ba shagwaɓa ba ce kuma ba laifin tarbiyyarki ba ne. Abin da suke dubawa shi ne halin ya wuce wata shida, yana bayyana a wuri fiye da ɗaya, gida da Islamiyya da wajen wasa, kuma yana cutar da rayuwar yaron. In haka ne ki nemi likitan yara a babban asibiti, irin Asibitin Malam Aminu Kano ko na koyarwa da ke Shika a Zariya. Addu'a da tofi ki ci gaba, ba su hana zuwa asibiti. Amma don Allah kada wani ya sa ki sayo maganin mura mai sa barci a kemis wai don ya lafa.

Duka kuwa ki ajiye shi, 'yar'uwa. Na yi, na ga abin da ya haifar: da na ɗauko littafi sai idonsa ya koma kan hannuna, ba ya ganin baƙi ko ɗaya. Salla ma da take ginshiƙin addini, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a umarci yara da ita suna da shekara bakwai. Naki biyar gare shi. In kin ji ranki ya fara ɓaci, rufe littafin ki tashi, karatun ranar ya ƙare. Ranar da ya yi abin kirki kuma ki faɗa masa takamaimai abin da ya yi, "ka zauna har ka gama layin nan," ki maimaita a gaban babansa da dare.

Kada ki kulle shi shi kaɗai. Ya je Islamiyya da yamma, ya buga ƙwallo, ya yi gare-gare da yaran layi, ya koyi jiran layi da haƙuri da wasu. Ki kuma sa a ranki cewa shekara shida ce ta shiga aji ɗaya na firamare, kuma dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ɗora wa iyaye nauyin ganin yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare. Saboda haka ki riƙa adana takardunsa da kwanan wata, za su yi miki amfani ranar da za a yi masa gwajin shiga aji. Nawa ya koma a watan Satumba na 2022, aka gwada shi aka sa shi aji biyu. Na je da kaina na roƙi malaminsa ya zaunar da shi a layin gaba nesa da taga, ya kuma riƙa sa shi goge allo da raba littattafai. Har yau yana mantuwa, har yau ƙafarsa na rawa a ƙarƙashin benci, amma yanzu shi ke karanta wa ƙannensa labari da dare.

Gobe in Allah Ya kai mu kada ki koya masa komai sabo. Ki zauna da shi da agogo a gefe, ki yi haka kwana uku, sai ki dawo nan ki faɗa mana a minti na nawa yake tashi, da kuma abin da yake iya daɗewa a kansa in ba kowa ya sa shi. Daga nan sai mu ga inda za ki fara. Allah Ya shirya mana su, Ya yi musu albarka.