Amsa ga mai tambaya kan Sempervivum ɗinta da ya koma kore

Malama, kin ce kin sayi Sempervivum, ɗan tsiron ado mai kaurin ganye da ke ajiye ruwa, irin 'Gold Nugget' yana ruwan zinare da ja a bakin ganye, yanzu ya koma kore shar, kina tambaya ko ruwa ne ya yi masa kaɗan ko taki. Don Allah kada ki ƙara masa ko ɗaya. Na daɗe ina renon tsirran nan, kuma yawancin waɗanda na ga sun mutu, ruwa ne ya ruɓar da su.

Launin nan ba ya zama daram. Dangin tsiron daga duwatsun Turai suke, irin su Alps da Pyrenees, inda rana ke dukansu kai tsaye, da dare kuma sanyi ya ratsa su. Wannan wahalar ce ke sa ganyen ya tara sinadarin da ke ba shi ja. Idan ya zauna a inuwa ko cikin ɗaki nesa da taga, sai ya saki jiki, ganyen ya baje, tsakiyar ta miƙe tana neman haske. Shi 'Gold Nugget' ko a rana yake, da zafi yakan yi kore-kore, sai sanyi ya shigo zinaren ya dawo. Taki kuwa ƙara masa kore zai yi, ganyen ya yi laushi.

Ki fitar da shi rana, amma sannu a hankali, ki fara da hantsi. Wanda ya saba da inuwa, rana tsaka ƙona shi take yi. Tukunya mai huji a ƙasa, ƙasar kuma a cakuɗa ta da yashi da tsakuwa sosai. Ba a ba shi ruwa sai ƙasar ta bushe ƙayau, kuma a gindi ake zubawa. Gaskiya dai, sanyi bai dame shi ba, har ƙanƙara yana jurewa. Zafi mai gumi shi ne abokin gabarsa.

Ranar da kika ga uwar, wato babbar da ƙanana ke tsirowa kewaye da ita, ta fitar da doguwar sanda daga tsakiya ta yi fure, kada hankalinki ya tashi idan ta bushe bayan nan. Sau ɗaya take fure ta mutu. Ki cire 'ya'yan da ke kewaye da ita, ki ɗora su kan busasshiyar ƙasa, za su yi saiwa da kansu.