Ƙarfin sigina ya cika, amma hoto na daskarewa

Ɗan'uwa, ka ce dikodarka na nuna ƙarfin sigina ya kusa cika, amma hoto sai daskarewa yake. Layi na biyu a shafin sigina na dikodar, wato na inganci, shi za ka duba, domin shi ke nuna yadda siginar tauraron ɗan'adam ta rinjayi hayaniyar lantarkin da ke biye da ita. Da ma'aunin desibel (dB) ake auna wannan rinjaye: 3 dB kusan ninki biyu ne, 10 dB ninki goma.

Don Allah kada ka yi gaggawar sayen busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, domin tana ɗaga hayaniyar tare da siginar ne. Fara kwance bakin wayar da ke jikin LNB, wato na'urar da ke gaban dish mai karɓar sigina, ka duba ko ruwa ya shiga ya yi tsatsa. Sannan ka murɗa LNB ɗin kaɗan-kaɗan, wani na kallon layin ingancin. In bai motsa ba, kira mai saita dish ya zo da mitarsa ta auna sigina.